Ramar da muke kwaɗo da ita na gani a jikin ƙofar mota

Shekarata bakwai ina aikin kushin a wani gareji nan Jidda, na ɗauka babu irin cikin motar da ban gani ba, sai ranar Talatar nan wani dattijo Balarabe ya shigo da wata ƴar ƙaramar BMW i3 mai lantarki wai ɗinkin kujerar direba ya ɗan saki. Ina buɗe ƙofa hannuna ya taɓa jikinta ta ciki, naji ba santsin robar da muka saba bane, wani abu ne ruwan toka mai ɗan kaushi, zare zare a cakuɗe kamar an tara ciyawa an danne ta da dutsen guga, haka ma saman dashbod ɗin, ga wani katako mara sheƙi da ya lanƙwasa a gaban kujerar mai zaman banza.

Nace Baba wannan fa? Yace sunansa kenaf, ya ciro waya ya nuna min hoton shukar. Jama'a wallahi rama ce. Ramar nan dai tamu ta gefen gona.

Ya zauna yana min bayani cike da alfahari, wai ana haɗa zarenta da roba kaɗan a matse da zafi, sai ya fito da ƙwari kuma bai kai roba zalla nauyi ba, ita kuwa mota mai batir duk abin da aka rage mata na nauyi riba ne. Katakon na itacen turare ne, fatar kujerun kuma da ruwan ganyen zaitun aka jeme ta. A Jamus aka riƙa ƙera motar daga 2013 zuwa 2022, kuma Toyota ma sun daɗe suna sa rama a ƙofofin wasu motocinsu. Da nace masa mu a garinmu cin ganyen muke yi mu tuƙa igiya da ɓawon sai ya ɗaga gira kawai, kamar bai yarda ba, abin nan ya tsaya min a rai har dare.

Don Allah me suka zo da shi wanda bamu sani ba? Jima da ganye? Majeman Kano da bagaruwa suke jima tun kaka da kakanni, fatar jar akuyar Sakkwato ta ratsa hamada ta shiga Turai har suka laƙaba mata sunan fatar Maroko. Yau an wayi gari abin da muke yi saboda shi muke da shi, su sun kira shi ceton muhalli suna sayarwa da tsada.

Gaskiya ɗaya ce, sun yi bincike sun zuba kuɗi suna da injina da wuta tsayayya, mu ko wutar da za a kunna keken ɗinki wahala take. Na kuma san motar masu hali ce. Amma ni da nake cire tsohon kushin kullum nasan abin da zafin ƙasar nan ke yi wa fatar roba, ta tsattsage ta riƙa ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa, mu cika buhu a kai bola, ba ta ruɓewa ba ta komai. Kuma irinta ce muke rububi a gida, in baka lulluɓe kujera da leda mai ƙyalli ba ai baka sayi mota ba.

Abin da yafi ci min rai ma ba motar bane. Babanmu Allah ya ji ƙansa bayan la'asar yake zama gindin darbejiya da ɗaurin ramar da aka jiƙa a kududdufi, yana murzawa a cinya yana tuƙa, mu muna riƙe masa bakin igiyar, da ita ake ɗaure akuya da ita ake guga. Ni ban koya ba, gani nake aikin tsofaffi ne. Daren nan na kira yayana nace yaya akwai mai tuƙa igiya a unguwa yanzu? Yace kai ina, ta roba kowa ke saye ranar kasuwa, ramar ma don ganye kawai Inna ke shukawa bayan ɗaki.

Nace ya gaya mata ta busar min da ganyen ta haɗo da ƙuli ƙuli, akwai maƙwabcinmu da zai zo Umara watan gobe, kuma in ta sare karan kar ta ƙona, ta ajiye min ɓawon har na dawo.