Rawa ma bincike ce, in ɗalibi ya je wurin masu ita

Kwanakin baya wani ɗan yayata da ke ajin ƙarshe a jami'a ya zo gida da labarin da ya so ya tayar da ƙura. Wai aikin kammala digirinsa rawa ce zai tsara, ya koya wa abokan karatunsa takwas, su taka a gaban malamai. Mahaifinsa ya ajiye kofin shayi ya dube shi: "Wato shekara huɗu ina biyan kuɗin makaranta don ka koyo rawa?" Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, bincike ne." Aka bushe da dariya, har da ni. Amma da na yi ta juya maganar a raina, sai na ga yaron ya fi mu gaskiya, ko da yake akwai sharaɗi.

A Zariya wannan ba baƙon abu ba ne. An kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma tun 1975 ake koyar da wasan kwaikwayo a Samaru, zamanin malamin wasan kwaikwayo Michael Etherton. Gidan wasan da aka gina a lokacin ma ginin ƙasa ne, wani Ba'amurke mai suna Steven Ehrlich ya zana shi bisa tsarin gidan Bahaushe, ɗakuna kewaye da fili kamar tsakar gida. Daga nan ɗalibai suka riƙa fita unguwannin Samaru da ƙauyuka irin su Bomo, su saurari damuwar mutane, su mayar da ita wasa, su nuna wa masu ita. Kusan shekara 50 ke nan ana gabatar da ilimi da jiki da murya a garin nan. Rawa ce kawai har yanzu muke jin nauyin ambatonta.

Alhali tarihinmu da yawa a ƙafa yake, ba a takarda ba. Mahauta da kalangunsu, maƙera da dundufa, manoma da gangar noma, ga maharba, ga 'yan tauri, ga gaɗar 'yan mata a dandali. Kowane rukuni da takensa da takunsa. Ka rubuta shafi ɗari a kan gangar noma, wanda bai taɓa gani ba ba zai san yadda take ba.

A kanta yaron nan ya yi aikinsa. Da damina ya je wani ƙauye inda har yanzu akan yi gayya, ya wuni a bakin gona kwana uku. Ya ce da farko hayaniya kawai yake ji. Sai tsohon makaɗin ya miƙa masa hauya ya ce, "Ɗana, shiga kunya. Ba a jin wannan kiɗa a tsaye." Da ya duƙa aka jera da shi, sai ya gane cewa bugun gangar yana faɗuwa daidai da saran hauya, kuma in makaɗin ya ga wani ya fara sanyi sai ya matso kusa da shi ya kama kirarinsa, nan take ka ga mutum ya zabura. Ya dawo tafin hannu duk kanta, amma da abin da zai gina rawarsa a kai: duƙawa, sara, ja da baya, da wannan zaburar. In wannan ba bincike ba ne, ban san sunan da za a ba shi ba. Ya fi mini kundin da aka kwafo daga intanet aka yi masa bango mai kyau, kuma kowa ya san irin waɗannan ba su da wuyar samu.

Masu cewa tsara sabuwar rawa ɓata al'ada ne su tuna da Koroso. A Kano aka haɗa ta daga guntayen raye-rayen Hausawa da na Fulani, yau ga shi ita ake fitarwa in za a nuna wa baƙi rawar Hausa. Wasu ne suka zauna suka zaɓa, suka yanke, suka jera.

Sharaɗin da na ce shi ne kada a sassauta. Rawar da aka tsinto daga TikTok ko finafinan Indiya, aka sa wa masu yin ta rigar saƙi, ba ta cancanci maki ba. Ranar kare aiki a tsayar da ɗalibi a tambaye shi: wannan takun daga ina ka samo shi, wa ya koya maka, me ka sauya, don me? In ya yi shiru, to wasa ya yi. Rubutu ma yana nan, sai dai ya zama bayanin abin da jiki ya gano. Sannan makaɗin da ya ba da iliminsa a rubuta sunansa a kundin kamar yadda ake rubuta na farfesa, a kuma sallame shi da abin kirki. Mun daɗe muna ɗibar ilimin waɗannan bayin Allah da goro biyu da "mun gode, Baba".

Ban manta da cewa Zariya garin malamai ce ba, kuma damuwar iyaye game da cakuɗuwar maza da mata ko tsiraici ba abin rainawa ba ce. Sai dai gaɗa ta mata ce zalla, rawar noma ta maza ce, kuma ɗalibin da ya san gidan da ya fito yana da zaɓi mai yawa.

Abin da ya fi damuna shi ne adanawa. Kundi yana zama a ɗakin karatu shekara da shekaru, rawa kuwa ana gama tafi ta tafi. Yanzu da kowane aljihu akwai waya mai ɗaukar bidiyo, ya kamata kowane sashe ya wajabta ɗaukar aikin ɗalibi tare da hirar da ya yi da makaɗa, a ajiye su wuri guda da kundin. Tsohon da ya miƙa wa yaronmu hauya ya haura shekara 70, kuma ya gaya masa cewa a cikin 'ya'yansa babu wanda ya ɗauki gangar, duk suna acaɓa a Sabon Gari.