Kada Mu Ce "Dama Haka Yake"

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.

'Yan uwa, akwai bayin Allah a cikinmu da aka haifa da ƙarancin fahimta. Sun daɗe kafin su iya magana, sun daɗe kafin su iya sa tufafi da kansu, amma da haƙurin iyaye suka koya. Sai shekaru su ja, a wayi gari wanda ya iya wanka da kansa ya tsaya da soso a hannu ya rasa ta ina zai fara. Mai fara'a ya koma ƙunci, mai son mutane ya koma lungu. Sai mu ce: "Dama haka yake," ko "Taurin kai ne ya ƙaru." Ina jin tsoron a tambaye mu wannan magana ranar hisabi.

Sau da yawa ciwon mantuwa ne ya shigo. Masu larurar Down musamman (wata larura ce da ake haifar mutum da ita, mai kawo ƙarancin fahimta) suna ɗauke da kuromosom (ƙunshin ƙwayoyin gado a jiki) na 21 guda uku maimakon biyu, kuma a kansa ne ƙwayar gadon da ke samar da sinadarin da ke taruwa a ƙwaƙwalwar mai cutar Alzheimer (wani nau'in ciwon mantuwa) take. Shi ya sa ciwon kan riske su da wuri, tun daga shekara 40 zuwa 50 da 'yan kai, lokacin da ba wanda ke zaton ruɗewar tsufa. Kuma ba lallai ya fara da mantuwa ba. Yakan fara da canjin hali, ko rasa abin da aka riga aka iya, wani lokacin har da farfaɗiyar da ba a san shi da ita ba.

Wanda aka ga wannan canji a tare da shi, a kai shi asibiti, don Allah. Raunin ji, raunin gani, ciwon damuwa, matsalar tayirod (wata gaɓa a wuya), ko wani ciwo da ya kasa faɗa da baki, duk suna kama da wannan, kuma suna da magani. A yi addu'a, a nemi magani, ɗaya bai hana ɗaya ba. Wanda nasa ke da ƙoshin lafiya yanzu, ya rubuta abubuwan da yake iyawa, domin da wannan rubutu likita zai gane abin da ya canja.

Imamu Muslim ya ruwaito daga Anas (RA) cewa wata mata mai larura a hankalinta ta ce wa Manzon Allah (SAW) tana da buƙata. Ya ce mata ta zaɓi hanyar da ta ga dama, ya tsaya da ita har ta gama buƙatarta. Shugaban halitta ke nan, al'umma na wuyansa, bai ce ta dawo gobe ba. Mu fa, namu na jini, minti biyar na saurare ya gagare mu?

Ka yi wa mai wannan ciwo magana gajeriya, abu ɗaya bayan ɗaya, fuska a sake. Kada ka yi ta gwada shi da "Ka gane ni? Wane ne ni?", hakan tsoro yake jefa masa. Kada a yi ta sauya masa ɗaki da inda yake ajiye kayansa, sabo shi ne sandar da yake dogarawa. In ya nemi mahaifiyarsa da ta rasu, ba sai ka sabunta masa makoki kullum ba. Ka zauna ka yi masa hirarta. In ya rikita sallah kada a tsawata masa, ai an ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe. Ɗauri da kulle kuwa zalunci ne, ko da sunan tsaro aka yi.

Abin da ya fi damuna shi ne mai jinyar. Galibi uwa ce da ta haura 70, ita ma tana buƙatar a kula da ita, tana kwana da tunanin wa zai riƙe shi bayan ranta. Ku 'yan uwansa, ku zauna tun tana raye ku raba nauyin: wane zai kwana da shi, wane zai kai shi asibiti, wane zai ɗauki kuɗin magani. Ku faɗa mata da bakinku, ta ji da kunnenta.

Allah Ya ba su lafiya, Ya saka wa masu jinyarsu da Aljanna. Amin.