Aikin Da Gwamnati Ta Bari, Da Wanda Ta Shiga Ba Gayya

Duk lokacin da kaya suka yi tsada, kiran farko da ake ji shi ne gwamnati ta ƙayyade farashi. A nan kuwa ta fi shan kaye. Ayyukan da babu mai iya yinsu sai ita, su ne kuma take wa riƙon sakainar kashi.

Farashi saƙo ne. Idan ya hau, manomi ya ƙara noma, mai saye ya rage saye. Da zarar an danne shi ƙasa da abin da aka kashe wajen samar da kaya, ɗan kasuwa ba zai zauna yana tafka asara ba: ko ya daina kawowa, ko ya ɓoye, ko ya sayar a bayan fage. A 2007 gwamnatin Zimbabwe ta umarci a zaftare rabin farashin kaya, ta kama dubban 'yan kasuwa. Cikin 'yan makonni kantuna suka yi wayam, alhali tushen cutar shi ne buga kuɗi ba ƙaƙƙautawa. Amurka ma ta ɗanɗana. Shugaba Nixon ya daskarar da farashi da albashi na kwana 90 a 1971, ya sake daskarar da farashi a 1973. An ɗaure kuɗin naman kaza, an bar na abincinta yana hawa, sai masu kiwo suka riƙa kashe 'yan tsaki, domin ciyar da su asara ce.

Amma masu cewa a sakar wa kasuwa mara gaba ɗaya su ma suna tsallake tambaya guda: idan mai saye bai gamsu ba, yana da inda zai koma? Inda masu sayarwa suke da yawa, gasa ta isa ladabtar da mai ha'inci. Inda guda ne, babu kasuwa, sunanta kawai ya rage. Kamfanin Standard Oil ya taɓa riƙe kusan kashi 90 cikin 100 na tace man Amurka, har Kotun Ƙoli ta raba shi gida 34 a 1911. Ruwan famfo da layin lantarki sun fi wannan wuya, tunda ba a shimfiɗa bututu biyu a titi ɗaya don su yi gasa. A nan dole hukuma ta sa baki a farashi: ta duba ainihin kuɗin aiki, ta ɗora riba daidai gwargwado, ta sake lissafi lokaci-lokaci, kamar yadda ake yi wa kamfanonin ruwa a Ingila duk shekara biyar. Inda abin ke lalacewa shi ne kamfani ya fi hukumar sanin littattafansa, ko jami'in da ke sa ido yau ya zama ma'aikacinsa gobe.

Hayaƙin masana'anta ma haka ne, mai shaƙarsa ba ya cikin cinikin. A 1990 Amurka ta ƙayyade jimillar iskar salfa da tashoshin wuta za su fitar, ta bar su su sayi izinin fitar da ita a tsakaninsu. Gwamnati ta ja layi, kasuwa ta nemo hanya mafi araha.

Harkar banki ce ta fi ɗaure kai. Bankin da ke juya dala 30 a kan kowace dala ɗaya ta masu shi, idan kadarorinsa suka faɗi da kashi 4 cikin 100 kacal, jarin ya ƙare, sauran asarar ta hau kan masu ajiya da masu bin bashi. Kusan haka bankin Lehman Brothers na Amurka yake kafin ya durƙushe a Satumbar 2008. Wata guda bai cika ba majalisar dokokin Amurka ta amince da dala biliyan 700 don ceto sauran. Riba ta masu banki, asara ta masu biyan haraji. Duk mai kiran wannan kasuwa mai 'yanci yana yaudarar kansa. Shi ya sa ƙa'idojin banki na ƙasa da ƙasa da ake kira Basel III suka tilasta wa bankuna riƙe jarin masu hannun jari da bai gaza kashi 4.5 cikin 100 na kadarorinsu ba, bayan an auna hatsarin kowace kadara. A ganina ma ya yi kaɗan. Bankin da aka san ba za a bari ya faɗi ba, ya kamata a ɗora masa fiye da haka, ko kuma a rage masa girma tun yana tsaye da ƙafafunsa.