Kwamfutarka ba ta mutu ba, Baba, ilimin mai shagon ne ya ƙare

Jiya da la'asar, a ɗaya daga cikin shagunan gyaran kwamfuta na titin Beirut, aka ci mutuncin wani dattijo a kan tambayar da ba ta fi jimla biyu ba. Da ganinsa ka ga tsohon malamin makaranta mai jiran fansho. Ya rungumo kwamfutar 'yarsa a cikin jakar buhu: HP EliteBook 840 G3, irin ta gwanjon nan da ta cika Kano, Core i5 zubi na shida, RAM giga 8. Lafiyarta ƙalau. Laifinta kawai Windows 10 ce a kanta, wadda Microsoft ta janye wa tallafi ranar 14 ga Oktoba 2025, ita kuma Windows 11 ta ce ba ta hawa kan Intel ɗin da bai kai zubi na takwas ba.

Dattijo ya yi sallama. Yaron shago, kunne ɗaya a toshe da abin jin waƙa, ya amsa da haɓa.

"Ɗana, an ce mini akwai wata manhaja ta kyauta, Linux, wai tana riƙe tsohuwar kwamfuta. Wacce ce ta dace da wanda bai iya ba?"

Yaro bai ɗago ba sai da ya gama tura saƙonsa. Ya dubi kwamfutar kamar an ajiye masa mushe a kan tebur, ya juya wajen abokinsa: "Kai, ka ji Baba wai Linux yake so." Suka tuntsire da dariya, har da tafawa.

"Baba, kutse za ka fara da tsufanka? Wannan ai ta 'yan damfara ce. Baƙin allo ne da rubutu zalla. Kawo dubu biyar a yi mata fomatin a danna mata Windows 11 ta ƙarfin tsiya, ko ka bar ta nan ka ciko kuɗi ka ɗauki wata."

"To takardun makarantar yarinyar da ke ciki fa?"

"Fomatin ai fomatin ne, Baba. In babu kuɗi ka matsa, akwai mutane a bayanka."

Babu kowa a bayansa. Ko kaza. Dattijo ya mayar da kwamfutarsa cikin buhu, ya ce "Allah ya ba da kasuwa", ya fita.

Madalla da injiniya! Mutumin da iyakar karatunsa filashi ɗaya ce da ya gada daga maigidansa, cike da Windows ɗin sata da manhajar buɗe ta ta sata, wanda kafin ya ɗora sai ya kashe maganin ƙwayar cuta da hannunsa, shi ne yau yake yi wa wanda ya koyar da sa'o'in ubansa dariyar jahilci. Shekara nawa muna shan wannan? Kwamfuta ta yi nauyi, fomatin. Sauti ya ɗauke, fomatin. Batir ya kumbura ma in ka yi sake, fomatin. Bayan wata uku ta dawo da tallace-tallacen banza suna tsalle a allo, ka sake biya.

Amsar da aka hana dattijon nan ba ta da tsawo: Linux Mint. Shi ke nan. Tun 2006 ake yin ta, a kan Ubuntu, wata sananniyar Linux, aka gina ta, kuma fuskarta irin ta Windows 7 ce, maɓallin farawa a kusurwar hagu ta ƙasa, agogo a dama. Zubi na 22 zai ci gaba da samun gyaran tsaro har 2029. Iri uku ce. Mai RAM giga 4 zuwa sama ya ɗauki Cinnamon. Mai giga 2, ko tsohuwar da fankarta ke ihu kamar injin markaɗe, ya ɗauki Xfce. MATE tana tsakani. Ubuntu ita ma ba laifi, amma fayil ɗin zubinta na 24.04 ya kusa giga 6, na Mint kuwa bai wuce giga 3 ba, kuma wanda ke sayen data da guminsa ya san bambancin. Zorin OS, ta wasu 'yan Ailan, ita ma an yi ta ne don masu baro Windows. Baƙin allon da yaron ke tsorata mutane da shi daga Kali Linux ya gano shi, wadda samari ke ɗorawa don a ce da su gwanaye. Ta masu gwajin tsaro ce. Ba a fara koyon tuƙi da tirela.

Kuma abin da ya fi ƙona rai, ba sai an goge komai ba kafin a gwada. A sauke fayil ɗin daga shafin Mint na ainihi, a samu filashi mai giga 8 wadda babu abin so a cikinta, don za ta shafe tas, a rubuta fayil ɗin a kanta da manhajar Rufus ko balenaEtcher. A kashe kwamfuta, a soka filashi, a kunna ana danna F9 in HP ce, F12 in Dell ce ko Lenovo. Mint za ta tashi daga kan filashin ba tare da ta taɓa rumbun ajiya ba. A nan ake gwada Wi-Fi da sauti da kyamara da firinta. In ba ta yi maka ba, zare filashi, Windows ɗinka tana nan yadda ka bar ta. Minti goma ne wannan, ƙasa da lokacin da aka ɓata ana dariya.

In an yanke shawarar ɗorawa, a fara kwashe takardu da hotuna zuwa wani wuri daban, a buɗe su a can a tabbatar sun kwafu. A cika batir, don ɗaukewar wuta ana tsakiyar raba rumbu ita ce hanya mafi sauri ta rasa komai, kuma a garin nan wuta ba ta sallama kafin ta tafi. Manhajar ɗorawar za ta ba da zaɓi: a zauna kusa da Windows, ko a goge rumbun gaba ɗaya. Sabon shiga ya zaɓi na farko, ya ba Mint aƙalla giga 50. In an nemi rumbun an rasa, yawanci BIOS, wato saitunan da ake shiga kafin Windows ta tashi, ce ke kan RAID ko Intel RST, sai an mayar da ita AHCI, amma a sani Windows tana iya ƙin tashi in ba a shirya ta ba tukuna. In BitLocker, makullin rumbu na Windows, na kunne, a rubuta lambar cetonsa a takarda kafin a taɓa komai. In Wi-Fi ya ƙi, galibi katin Broadcom ne: a jona waya da kebul a ba kwamfutar intanet, a buɗe Driver Manager, zai kawo direban, wato manhajar da ke sa katin ya yi aiki, da kansa. Sai wata 'yar matsala da ke ruɗa mutane, agogon Windows ya koma baya da awa ɗaya bayan an fito daga Mint, saboda Linux tana ajiye lokacin duniya ne, mu kuwa muna gaba da shi da awa guda. Layi ɗaya da za a rubuta a Terminal, wurin rubuta umarni a Mint, ke gyara shi, timedatectl set-local-rtc 1, kada mutum ya makara sallah ya ce aljanu ne. Da an gama a kunna Timeshift, shi ne ke mayar da kwamfuta jiya in yau ta lalace.

Ba a ce babu inda take gazawa ba. CorelDRAW, wadda masu buga katin biki da fosta ke ci da ita, ba ta hawa. Photoshop da AutoCAD haka. Microsoft Office sai ta intanet, amma LibreOffice tana zuwa a ciki, tana buɗe fayil ɗin Word da Excel, ko da yake takarda mai tarin teburi takan ɗan goce, don haka a tura wa malami a PDF. Firintar HP yawanci da an jona take aiki, Canon LBP2900 kuwa sai an yi gumi. Amma ɗalibar da aikinta rubutu ne da Chrome da Zoom da WhatsApp da kallon darasi, me ta rasa? Har allon rubutu na Hausa akwai a ciki, mai ƙ da ɗ da ɓ, a saituna kawai za a ƙara shi.

To amma yaron shago shi kaɗai za a zaga? Wa ya koya masa? A makarantunmu darasin kwamfuta zanen linzami ne a allo da alli, sai haddar sunayen maɓallan Word. Jihar Kerala ta Indiya ta mayar da makarantun gwamnatinta kan buɗaɗɗiyar manhaja shekaru da dama da suka wuce. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus, masu kuɗin da ba mu da shi, ta sanar a 2024 cewa za ta sauya kwamfutocin ma'aikatanta kusan dubu 30 zuwa LibreOffice da Linux. Mu nan da kwamfutocin da Turai ta yar muke rayuwa, amma mu ne masu girman kan da ba ma amfani da kayan kyauta. An ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 a farkon 2025, wutar da za a yi caji babu, sannan a ce talaka ya jefar da na'ura mai lafiya ya sayi sabuwa da dalar da ba ya gani ko a mafarki. Kowace shekara ana ware kuɗin lasisin manhaja a kasafi, kowace shekara ana taron bita a otal da jaka da biro da kuɗin zama. Ka shiga ɗakin taron ka ɗaga kai ka dubi majigi: babban jami'i na jawabi a kan tattalin arzikin zamani, a kusurwar dama ta ƙasan allonsa kuwa ga rubutun nan fari-fari yana roƙonsa ya biya kuɗin Windows.