Wa ke biyan kuɗin raino a ƙauye?

Duk sanda aka ce gwamnati ta sa hannu a rainon yara, sai wani ya ce ai wannan zancen 'yan birni ne, mu a ƙauye akwai kaka, akwai abokiyar zama, akwai maƙwabta. Ban yarda ba. Ku leƙa Kura ko Garun Malam lokacin turarar shinkafa, ko gonakin tumatir na Kadawa da rani, ko ƙauyukan Gumel da Maigatari da kakar riɗi da zoɓo, ku duba wa ke goye da ɗan. Yarinya ce 'yar shekara takwas, majanyi ya zagaye ta sau biyu, ƙafafun ƙanen na dukan cinyoyinta, ga kofin koko a hannu ƙuda na bi. Hantsin Talata ne, sunanta kuma yana cikin rajistar aji uku. Ita ke biyan kuɗin rainon, da karatunta take biya. Kakar da ake faɗa tana can ita ma tana ɓarar gyaɗa don ta samu na cefane.

Abin haushin shi ne doka ba ta yi shiru ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta UBE ta 2004 ta sa kula da ƙananan yara cikin ilimin matakin farko, ta kuma ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, jiha ta ajiye nata kason sannan ta karɓa ta hannun SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi shekara ɗaya ta share fagen firamare, malami ɗaya ga yara 25, a ɗakin jarirai kuwa mai raino ɗaya ga yara 10. To amma rabin ajin da muke gani a ƙauye, inda ma akwai shi, 'yan shekara huɗu da biyar yake ɗauka, kafin azahar an tashi. Wanda ke hana yarinya zuwa makaranta ɗan shekara ɗaya zuwa uku ne, shi kuwa ba wanda ya yi masa tanadi. Hutun haihuwa na mako 12 da ke cikin dokar ƙwadago na mai takardar ɗaukar aiki ne, bai san da mai turara ba.

Me ya sa ɗan kasuwa ba zai buɗe gidan raino ba? Ku yi lissafi. Yara 30, masu raino uku, kowacce a mafi ƙarancin albashi na naira 70,000: naira 210,000 ke nan a wata, 7,000 a kan kowane yaro, ba a sayi gero ko sabulu ba tukuna. Mai yara biyu ƙanana 14,000. Uwar da ke ƙwadago a biya ta da yamma ba za ta iya ba, sai ta ce wa 'yarta Larai yau ki zauna. In kuwa aka rage kuɗin, mai raino ɗaya za a bari da yara talatin, wannan kuma tara yara ne, ba raino ba. Shi ya sa albashin dole ya fito daga gwamnati, ta hanyar da albashin malaman firamare ke fitowa daga kason ƙananan hukumomi.

Gini ba shi ne matsalar ba, don Allah a daina fara wa da kwangila. Ɗaki ɗaya a cikin firamare ya isa, ko ajin Islamiyya da ke rufe da safe. Cikin firamare ya fi, domin yayar ta kawo ƙanenta ta wuce ajinta, a tashi su koma tare. A yi masa daɓen siminti, tabarmin roba da za a iya wankewa, taga biyu masu fuskantar juna, gidan sauro don barcin rana, ɗan shinge a tsakar wurin. Ruwa da masai su ne wajibi. Inda babu burtsatse kusa kada a buɗe, domin yaro ɗaya mai gudawa da kofi ɗaya a randa sun isa su kwantar da ɗakin cikin mako guda.

Masu rainon matan garin za a ɗauka, waɗanda iyaye suka sani, maigida kuma ba zai ji ɗar ba. Ma'aikaciyar asibitin mazaɓa ta koya musu abubuwa kaɗan amma su iya su sosai: haɗa gishiri da sukari na leda a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ba mai gudawa maganin zinc kwana 10 zuwa 14, gane numfashi da sauri-sauri, da awon damtse. In tef ɗin ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, asibiti ranar. Katin rigakafi a duba shi ranar rajista, musamman allurar ƙyanda ta wata tara. Wanda ba shi da ita kada a kore shi, a yi masa. Da damina masu rabon maganin zazzaɓin cizon sauro na wata-wata su fara da nan, tunda yaran suna wuri guda.

Abinci kuwa kunun Tom Brown ya wadatar: kwano shida na gero, uku na waken soya, ɗaya na gyaɗa, a soya a niƙa. Duk a kasuwar garin ake samu. Nan ne iyaye za su iya sa hannu, kwano guda da kaka ga mai hali. Kuɗin wata kam kada a sa, ranar da aka sa shi ranar 'ya'yan talaka za su daina zuwa.

Abu biyu ke kashe irin wannan shiri. Na farko a kira masu rainon 'yan sa-kai, a ba su alawus wata uku, sai shiru, su koma sana'arsu, ɗakin ya zama ma'ajiyar karyayyun benci. Na biyu a bi kalandar makaranta ido rufe. Dogon hutu yana faɗowa tsakiyar damina, daidai lokacin da mata suka fi aiki. Ɗakin raino da kalandar gona zai tafi, ya buɗe da sassafe, kuma kada ya rufe a Agusta.

Kano na da mazaɓu 484, Jigawa 287. A fara da ɗaki ɗaya a mazaɓun da ake noman rani. Mai duba makarantu in ya zo kada ya tsaya ƙirga tabarmi, ya karɓi rajistar aji uku zuwa shida ya ga 'yan mata nawa suka zo a makon girbi.