Musun da muka yi jiya a kan Z Nation

Jama'a dan Allah ku bari in faɗi nawa a nan, don jiya da daddare a bakin shagon caji hayaniya ta hana ni ƙarasa magana, kowa na ɗaga murya ba mai jin wani. A kan Z Nation ne, fim ɗin zombin nan mai dogon zango da ya zagaye wayoyin samarin ƙauyenmu tun bayan girbi. Ga wanda bai gani ba, na Amurka ne, tashar Syfy ta fara haska shi a 2014 aka rufe a 2018, zango biyar. Cuta ce ta ɓarke, wanda ya mutu sai ya tashi yana bin masu rai yana ci, sai wani ɗan fursuna Murphy da aka gwada wa allura, aka ciccije shi amma bai juye ba, shi ne wasu 'yan tsiraru suka ɗauko shi daga New York za su kai shi Kalifoniya ko a samu magani a jininsa.

Masu son The Walking Dead, wani fim ɗin zombin na Amurka, sun ce Z Nation shirme ne, wai ina tsoro a fim ɗin da guguwa ke kwaso zombi tana watso su cikin gari, ko ƙaton curin cuku ya gangaro yana murƙushe su. Wannan ban tsaya a kai ba, kowa da abin da ke burge shi.

Maganar yayana ce ta hana ni barci. Ya ce min "ƙanena, gawa ba abin wasa ba ce, mu da muke wanke mamacinmu mu yi masa sutura mu sallace shi mu raka shi makwancinsa, ta yaya za ka zauna kana ƙyaƙyata dariya ana fasa kan matattu?" Wallahi maganar ta shige ni, kuma ban raina ta ba ko kaɗan. Amma Yaya, ka gafarce ni, guntu-guntu ka gani a wayar mutane, ba ka bi shi daga farko ba. A fim ɗin nan idan nasu ya mutu ya juye ba sa cewa sun kashe shi, cewa suke sun yi masa jinƙai, haka kalmar take a bakinsu. A zangon farko da Garnett jagoran tafiyar ya mutu ya tashi, Warren da take sonsa ita ta harbe shi da hannunta, ba wanda ya yi dariya a wurin, ni kaina sai da na ajiye wayar na ɗan yi shiru. Dariyar a kan masu rai take, son kan Murphy, surutun dattijon nan Doc, da yadda mutum ke rigima kan abin banza alhali duniya ta ƙare a kansa.

Kuma mu nan Jigawa mun san irin wannan dariyar fa. Ambaliyar 2022 da ruwa ya cinye mana shinkafa ya rusa ɗakuna, a ajin firamare muka kwana kusan sati biyu, maza gefe mata gefe, sauro ga yunwa ga kukan yara, akwai wani tsoho a cikinmu da kullum bayan isha'i sai ya kawo labarin yadda ya goyo akuyarsa ya bar buhun gero, mu yi ta dariya har da hawaye, alhali shi ma ba abin da ya tsira da shi sai akuyar. Ba wanda ya ce masa Baba kana wasa da musiba. Da ba don shi ba ban san yadda daren nan zai riƙa wucewa ba. Abin da nake gani ke nan duk sanda Doc ya saki magana ana tsakiyar gudu.

Inda nake tare da Yaya ɗari bisa ɗari shi ne yara. Don fim yana da ban dariya ba shi ke nufin na yara ba ne, jinin da ke ciki ba kaɗan ba ne. Ɗan ƙanwata mai shekara 7 ya leƙa wayar wani ya ga jaririn zombin nan na kashin farko, kwana uku yana firgita cikin barci, fitsari ma sai uwarsa ta riƙe masa hannu da tocila. Raina ya ɓaci sosai. Masu tura fim dan Allah ku riƙa duba wanda ya kawo memori, ku kuma samari in za ku kalla ku sa iyafis ku matsa daga tabarmar da yara suke.

Yaya na riga na ce maka, yau bayan isha'i zan zo zaure da wayar a cike da caji mu kalli wurin Garnett ɗin nan tare, in ka gani har yanzu kana kan bakanka zan goge shi a gabanka.