Kawu ya aike ni neman ginin da aka rushe tun 1993

Aiki ne fa ya kai ni Las Vegas, baje kolin kayan lantarkin nan da ake yi duk Janairu. Ban gama sanarwa a gurup ɗin gida ba sai ga Kawu ya turo wani tsohon hoto, shi ne tsaye da wando mai faɗin ƙafa da suma tum a ka, wai 1979 lokacin yana karatu a Amurka, bayansa wani gajeren gini da dogayen itatuwa irin na dabino. Ya ce ɗana otal ɗin Flamingo ne wannan, ka je daidai wurin ka ɗauko min hoto. Na ce Kawu wurin fa gidan caca ne. Ya ce shi a waje ya tsaya, ko ƙofa bai leƙa ba.

To aiken Kawu ba a cewa a'a. Na saka kaftanina da hula, na ɗora jaket saboda sanyi, na tafi.

Wurin da aka buɗe a Disamban 1946, sai a Maris 1947 aka buɗe ɗakunansa 105, yanzu ɗakunan sun haura 3,000, dogayen benaye sun kewaye ko'ina, ni kuwa ina ta zagaye da waya a hannu ina gwada hoto da bango kamar mai cigiyar ɓataccen yaro a kasuwa. Wani dattijon mai gadi na nuna wa, ya kalli hoton ya kalle ni ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce ai ragowar ginin asali tun 1993 aka ture shi, har da ɗakin Bugsy Siegel, riƙaƙƙen ɗan daban da ya buɗe wurin, wanda aka bindige a Beverly Hills a 1947 ko wata shida bai cika da buɗewa ba. Ya ce in dai tsohon abu nake nema in je lambu, akwai allon tunawa da shi kusa da inda ake ɗaura aure, sai tsuntsayen flamingo masu ruwan hoda da ke tsayuwa da ƙafa ɗaya. Shi ke nan fa. Suna, allo, da tsuntsaye, su ma tsuntsayen ba su san Bugsy ba.

Hanyar da ya kwatanta min ta tsakiyar falon caca ta bi, ba agogo ba taga, injina sai ƙyalli suke suna kuka, na yi gaba na yi baya na dawo gaban inji ɗaya mai hoton ɓauna, daidai nan Kawu ya kira bidiyo. Na ɗauka, ashe falon gida cike yake, Hajiya da yara duk sun leƙo. Kuma a lokacin ne wata baturiya a bayana ta ci, ta ƙwalla ihu tana tsalle.

Hajiya ta dafe ƙirji: "Innalillahi! Wannan ne aikin da aka tura ka?"

Ina rantse-rantse ina cewa lambu nake nema, sai Kawu ya karɓe wayar cikin faɗa: "Kai ba nan ba ne! Ka wuce teburan karta, ka bar na mai juya ƙwallon nan a hannun dama, in ka ga tagar da ake canjin kuɗi sai ka yi hagu, ƙofar baya na nan."

Falo ya yi tsit.

Hajiya ta ce, a hankali, "Alhaji, ba ka ce a waje ka tsaya ba?"

Nan take netwok ya ɗauke, daga ɓangarensu. Kwatancen nasa ma bai yi aiki ba don an sake fasalin wurin tuni, wata mai shara ce ta fitar da ni. Na ɗau hoto da allon Bugsy da flamingo biyu na tura gurup, kowa ya yi magana ban da Kawu, an ce tun ranar a masallaci yake zama har bayan isha'i.